Madatsar Aswan ta hana ambaliya a Masar, to me ya sa har yau ake jayayya a kanta?

Wani matashi manomin shinkafa daga yankin Numan ya aiko mini da tambaya. Ya ce ruwan 2022 ya cinye masa gona ana saura 'yan makonni girbi, kuma tun daga lokacin yake jin ana cewa Masar ta rabu da ambaliya tun da ta gina madatsar Aswan. Sai kuma ya ji wasu masana suna kushe madatsar, wai ta yi ɓarna. Ya rufe da cewa: "Baba Injiniya, wanne ne gaskiya? In ta hana ambaliya, mene ne laifinta? Kuma me ya hana mu yin irinta a kan Binuwai?"

Ɗana, da farko Allah ya mayar maka da alheri. Na san abin da mutum ke ji idan ya tsaya a kan tudu yana kallon ruwa ya shafe shinkafar da ta riga ta fitar da kai, ga bashin taki a wuyansa. Amsarka kuwa, masu yabo sun faɗi gaskiya, masu kushe ma da yawan abin da suka faɗa gaskiya ne. Amma sai ka yi haƙuri mu bi maganar daga tushe, domin in ba ka san halin kogin ba, ba za ka gane halin madatsar ba.

Akwai abu ɗaya game da Kogin Nilu da nake so ka riƙe, don za mu dawo kansa. A Masar kusan ba a ruwan sama. A garin Aswan ana iya shekara guda ba a ga ɗigo ba. Ruwan da ƙasar ke sha take noma da shi daga waje yake zuwa, kuma kusan kashi 85 cikin 100 na abin da ke isa Aswan daga tsaunukan Habasha yake gangarowa. Damina na sauka a can daga Yuni zuwa Satumba, sai Shuɗin Nilu ya taso daga tafkin Tana ya kwaso laka, ya ratsa Sudan, ya bi ta gaban Mai Wurno inda danginmu suka zauna tun bayan yaƙin Burmi, ya haɗu da Farin Nilu a Khartum. Gaba kaɗan kogin Atbara ya shigo, shi ma daga Habasha. Daga nan har Bahar Rum, tafiyar sama da kilomita 2,000, babu wani kogi da ke ƙara masa ko bokiti guda. Ruwan Masar duka ta ƙofa ɗaya yake shigowa.

Shekaru dubbai manomin Masar da wannan cikowar yake rayuwa. A ƙarshen Yuli ruwa ya fara tasowa, a Agusta da Satumba ya tumbatsa. Sun yi wa gonaki manyan kunyoyi kamar ganuwa, sai a buɗe wa ruwan ya shiga ya kwanta kamar kwana arba'in, lakar ta zauna, a sake shi ya koma kogi, a bi danshin a shuka alkama da sha'ir da wake. In ka taɓa ganin yadda ake dashen masakwa bayan ruwa ya janye, to ka ga ɗan'uwan wannan noman. Girbi ɗaya ne a shekara, ba taki, ba injin ban ruwa.

Matsalar ita ce kogin ba ya alkawari. Lokacin da na je wani kwas a Masar, an kai mu tsibirin Rauda a tsakiyar Alƙahira, inda akwai tsohon ma'aunin ruwa da aka gina a shekarar 861, zamanin Abbasiyawa. Rijiya ce mai faɗi da aka ɗaure da dutse, da matakala tana zagayawa har ƙasa, a tsakiyarta ginshiƙin marmara mai kusurwa takwas, an tsattsaga shi kamu-kamu. Na sauka har ƙasa, wurin a bushe, sanyi na tasowa daga duwatsun. Mai yi mana bayani ya nuna tsagar kamu 16, ya ce idan ruwa ya kai nan sai a yi shela gari ya ɗauki biki, an sami shekara. In ya gaza da kamu biyu ko uku, yunwa ce. In ya zarce da yawa, ganuwar gonaki ta fashe, ƙauyuka su tafi. Har haraji da wannan ginshiƙin ake yanka shi. A zamanin halifan Faɗimiyawa Al-Mustansir, daga wajen 1065 zuwa 1072, kogin ya yi ta gazawa, ga rikicin sojoji, aka yi yunwar da har yau tarihin Masar ke ambato. Duk wanda ya san ƙissar Annabi Yusuf, Alaihis Salam, da shekaru bakwai na wadata da bakwai na fari, ya san tsoron da mutanen wannan ƙasa suka tashi da shi.

Tunanin datse kogin a Aswan tsoho ne. Masu tarihi sun ruwaito cewa halifa Al-Hakim ya kira masanin nan Ibnul Haisam daga Basra don ya yi wannan aikin, ya je ya ga kogin da idonsa a kudu, ya gane abin ya fi ƙarfin kayan aikin zamaninsa, har aka ce ya ƙirƙiri taɓin hankali don ya tsira daga fushin halifan. Sai a 1902 Turawan Ingila suka gama madatsa ta farko a Aswan, aka ƙara mata tsawo a 1912, aka sake ƙarawa a 1933. Amma ita wannan ba ta tare ambaliya. Idan jan ruwa ya zo sai a wangale ƙofofinta ya wuce da lakarsa, sai ya fara ja baya ya yi garau sannan a rufe, a tara ɗan abin da za a shayar da auduga da rani. Randa ce ta ajiyar 'yan watanni. A 1946 ruwa ya kusa haure ta, kowa ya gane ƙarin tsawo na uku ba zai yi magani ba.

Abin da ake buƙata rumbu ne, wanda zai ɗauki rarar shekarar wadata ya ajiye wa shekarar fari. Wani Bagirke haifaffen Masar, Adrian Daninos, ya daɗe yana tallan wannan shawara ba a saurare shi ba, har sojoji suka kifar da Sarki Faruƙ a 1952 suka rungume ta. Daga nan aikin ya zama siyasa. Amurka da Ingila da Bankin Duniya suka yi alkawarin kuɗi a ƙarshen 1955. Jagoran Masar, Jamal Abdul Nasir, ya sayi makamai ta hannun Cekoslobakiya, ya kuma amince da gwamnatin Sin ta 'yan gurguzu, sai ranar 19 ga Yuli 1956 sakataren harkokin wajen Amurka, John Foster Dulles, ya janye tayin. Bayan mako guda, ranar 26 ga Yuli, Nasir ya ƙwace mashigin Suwez ya ce da kuɗin shigarsa za a gina madatsar. Ingila da Faransa da Isra'ila suka kawo masa yaƙi a wannan shekarar. A 1958 Tarayyar Sobiyet ta ɗauki nauyin ba da bashi da injiniyoyi. Aka fara aiki ranar 9 ga Janairu 1960, aka karkatar da kogin a Mayun 1964, aka gama a Yulin 1970. Nasir ya rasu a Satumbar wannan shekarar, magajinsa Anwar Sadat ne ya buɗe ta a Janairun 1971.

Na kawo maka wannan tarihin ne saboda ya shafi jayayyar kai tsaye. A Masar ta wancan lokaci, sukar madatsar daidai take da sukar ƙasa, injiniyan da ke da shakka sai ya haɗiye abinsa. A Yamma kuma, tun da aikin ya koma hannun Rasha, aka sami masu neman aibinta ido rufe. Shi ya sa rubuce-rubucen shekarun 1970 a kanta sai an tace su, na yabo da na zagi.

Ita kanta madatsar ba bangon siminti ba ce kamar yadda mutane ke zato. Tsauni ne da aka tara da hannu, duwatsu da yashi, da zuciyar yumɓu a tsakiya da ke hana ruwa ratsawa. Tsayinta mita 111, tsawonta mita 3,830, faɗin gindinta mita 980, samanta kuma mita 40, har titi ne a kai. In kana tsaye a bisanta ba ka ma jin kana kan wani abu mai tsayi, saboda gangarenta a kwance yake. Tana da injinan wuta 12 masu ba da megawat 2,100 gaba ɗaya. Tafkin da ta tara, wanda ake kira Tafkin Nasir, ya kai kusan kilomita 500, kuma wajen kilomita 150 na ƙarshensa a cikin Sudan yake.

Yanzu ga inda nake so ka buɗe kunne. Tafkin na iya ɗaukar kubik mita biliyan 162, alhali abin da Nilu ke kawowa a shekara, in an daidaita, biliyan 84 ne. Wato yana iya haɗiye ruwan kusan shekara biyu. An raba cikinsa hawa uku. Na ƙasa, kusan biliyan 31, an bar wa laka ta yi ta taruwa. Na tsakiya, kusan biliyan 90, shi ne rumbun da ake ci daga ciki. Na sama, kusan biliyan 41, shi ne na ambaliya, kuma aikinsa shi ne ya zauna fanko. Ƙa'idar gudanarwa ita ce kafin 1 ga Agusta a tabbatar ruwan bai wuce mita 175 bisa matakin teku ba, don in babban ruwa ya zo ya tarar da ɗaki a share. In ya cika har ya kai mita 178, akwai mafitar Toshka can kudu da ke zubar da rarar cikin hamada. An fara amfani da ita a 1996, kuma daga 1998 rarar ta yi yawa har tafkuna suka fito a tsakiyar yashi. Abin da ke hana ambaliya a kowace madatsa ta duniya shi ne wannan fankon. Madatsar da ke cike maƙil lokacin da ruwa ya zo, duk girmanta, abin da ya shigo shi zai fita.

Ta yi aikin da aka gina ta dominsa? Ta yi, kuma ba na jin kunyar faɗin haka. Daga 1979 zuwa 1987 kogin ya yi ta zuwa da ƙarancin ruwa. Shekarun nan ne aka yi mummunar yunwar Habasha ta 1984 da 1985, Sudan ta jigata, mu ma nan Arewa da Nijar wanda ya yi wayo a lokacin bai manta ba. Manomin Masar bai fasa shuka ko sau ɗaya ba, rumbun yake ci. Zuwa Yulin 1988 tafkin ya sauka har wajen mita 150, saura ƙiris ya taɓa hawan laka, wutar lantarki ta ragu, hankalin gwamnati ya tashi. Sai ga babban ruwa a Agusta. A Khartum ruwan sama da cikowar kogi suka raba sama da mutum miliyan ɗaya da gidajensu. Wannan ruwan da ya iso Aswan, tafkin ya shanye shi, mutanen Alƙahira a labarai suka ji. Cikin shekara ɗaya ta tare fari ta tare ambaliya. Ka ƙara da noman sau biyu ko uku a shekara, da wutar da a tsakiyar shekarun 1970 ta kai kusan rabin abin da ƙasar ke amfani da shi, ta shiga ƙauyukan da ba su taɓa ganin ƙwan lantarki ba. Mutanen Masar ba su kai miliyan 30 ba a 1960, yau sun haura miliyan 100. Ban ga yadda tsohon tsarin girbi ɗaya zai ɗauke su ba.

To ina laifin? Ranar da aka kai mu kan madatsar, abin da ya fara ɗaukar idona launin ruwan da ke fita ne ta ƙasa. Garau yake, kore-kore, kana hango duwatsun gefe a cikinsa. Ni da na saba da jan ruwan Agusta, sai na ji wani iri. Wannan tsabtar ita ce asalin yawancin ƙorafin.

Kafin madatsar, kogin na kawo sama da tan miliyan 100 na laka kowace shekara. Tun da aka gina ta, kusan duk lakar da ta iso a tafkin take zama, mafi yawa ma a ɓangaren Sudan inda ruwan ke fara lafawa. Ana yawan cewa rashin lakar ne ya jefa Masar cikin sayen takin zamani. Akwai gaskiya a ciki amma an ƙara gishiri, domin tun da can mafi yawan lakar teku take wucewa, kaɗan ce ke kwanciya a gona, kuma duk ƙasar da za a noma sau uku a shekara dole ta nemi taki ko da laka ko babu. Inda rashin ya yi ciwo sosai wasu wurare ne da ba a yi tsammani ba. Masu yin jan bulo da lakar da kogi ke bari a gaɓa suke aiki, kyauta, kowace shekara ta sabunta. Da ta daina zuwa sai suka koma sayen ƙasar saman gonaki a hannun talakawan manoma, ana kankare albarkar shekara dubu ana ƙonawa, har gwamnati ta haramta a shekarun 1980. Ruwan da ba ya ɗauke da laka kuma mayunwaci ne, yana cin gindin kogi da gaɓarsa, yana yi wa gadoji da ƙananan madatsun Isna da Naja Hammadi da Asyut barazana. Wannan na cikin dalilan da suka sa aka haƙa Toshka, don kada a riƙa sakin ruwa mai yawa ta cikin kogin.

A bakin teku kuma, ƙasar Dalta, inda kogin ke rarrabuwa kafin ya faɗa teku, lakar ce ta gina ta tun asali. Zaizayar ta fara tun bayan madatsar 1902, amma bayan 1964 ta yi tsanani, har a Rashid, inda reshe ɗaya na kogin ke shiga teku, akwai shekarun da teku ke cin sama da mita 100, sai da aka jera katangun duwatsu. Masu kamun kifin sardin su ma sun ɗanɗana. Jan ruwan ne ke kai wa ƙananan halittun teku abinci, kifin ya biyo su. A 1962 an kama kusan tan 18,000, a 1968 bai kai tan 500 ba. Daga baya kamun kifi a gaɓar ya farfaɗo, kuma masana da dama na danganta hakan da ragowar takin zamani da ƙazantar birane da ke kwarara teku. Wannan ba farfaɗowar da mutum zai yi alfahari da ita ba ce.

Sai gishiri. A tsohon tsari ruwa na kwanciya ya janye, ya wanke ƙasa, sannan ta bushe ta tsattsage ta sha iska. Da aka koma ban ruwa ba hutu, ruwan ƙarƙashin ƙasa ya taso kusa da saiwa, rana ta busar da shi, farin gishiri ya fito kamar kanwa. Maganinsa magudanai ne da ake binnewa a ƙarƙashin gona, kuma Masar ta shafe shekaru tun daga 1970 tana binne su a miliyoyin kadada da bashin Bankin Duniya. An shawo kan abin gwargwado, amma da kuɗi, kuma kuɗin ba ya ƙarewa. Aikin da ambaliya ke yi kyauta, na taki da wanki da ginin gaɓa, yanzu kowanne sai an biya. Haka kuma rana na shanye kusan kubik mita biliyan 10 daga tafkin duk shekara, kusan ninki biyar na abin da madatsar Tiga ke ɗauka in ta cika, saboda an kafa shi a ɗaya daga cikin wurare mafi zafi a duniya. Tun kafin a gina ta akwai masanan da suka ce a yi ajiyar a tafkunan sama da tsaunukan Habasha inda rana ba ta kai haka ba. Masar ta ƙi, don ba ta son makullin rumbunta ya zauna a aljihun wani. Yarjejeniyar rabon ruwan Nilu ta 1959 ta ba Masar kubik mita biliyan 55.5 a shekara, Sudan biliyan 18.5, Habasha da ruwan ke fitowa daga cikinta ba a ko gayyace ta ba. Rigimar da kake ji yau kan babbar madatsar da Habasha ta fara a 2011 a kan Shuɗin Nilu, jikanyar wannan ce.

Kan tsargiya kuwa, masu suka sun yi hasashen za ta mamaye ƙasar, domin dodon koɗin da ke ɗauke da ita yana son magudanar da ba ta bushewa. Hasashen bai cika yadda aka faɗa ba. Nau'in da ke kama hanji ya ƙaru a Dalta ya kuma matsa kudu, na fitsarin jini ya ragu, sannan ƙwayar magani da ruwan famfo suka karya cutar gaba ɗaya a shekarun baya. Babban abin takaicin ya zo ta wata hanya: allurar tsargiya da aka yi ta yi wa jama'a har farkon shekarun 1980 da sirinjin da ba a dafa shi sosai ba, ita ta yaɗa ciwon hanta nau'in C a ƙauyuka. Wannan ba madatsa ta jawo shi ba, kuma adalci ne a faɗa.

Abin da ya fi tsaya mini a rai mutanen Nuba ne. Su ne ke zaune a gaɓar kogin daga Aswan zuwa cikin Sudan, da harshensu, da dabinonsu, da gidajensu masu faɗin tsakar gida da zane a ƙofa. Madatsar farko ta riga ta kore su zuwa tudu sau uku, a 1902 da 1912 da 1933. Wannan karon ƙasar ce gaba ɗaya ta nutse. Kusan mutum 50,000 a ɓangaren Masar aka kwashe tsakanin 1963 da 1964 zuwa yankin Kom Ombo, aka zuba su a gidajen gwamnati jere-jere, nesa da kogi, wasu ba a gama ginawa ba, wasu suka tsattsage saboda irin ƙasar wurin. Ƙananan yara da tsofaffi da yawa ba su kai shekara ba. A ɓangaren Sudan ma kusan 50,000 ne, mutanen Wadi Halfa da ƙauyukanta. Sun yi zanga-zanga a 1960 da gwamnatin Janar Abbud ta zaɓa musu Khashm al-Girba a kan kogin Atbara, wurin da ba shi suka nema ba. Daga Janairun 1964 jiragen ƙasa suka fara kwasarsu, tafiyar ɗaruruwan kilomita. Mutanen da ba su san ruwan sama ba aka kai su ƙasar tsawa da sauro. Kafin su hau jirgi sukan je maƙabarta su yi sallama da iyayensu. Wasu suka ƙi tashi, ruwa na matsowa suna ja da baya, har suka kafa sabuwar Wadi Halfa a bakin tafkin.

Na ziyarci ɗaya daga ƙauyukan Kom Ombo. Sun riƙe sunayen tsofaffin garuruwansu, kowane ƙauye da sunan wanda ke ƙarƙashin ruwa. Wani dattijo ya ba mu shayi, ya kawo dabino a faranti, ya ce mu ci amma na kasuwa ne. Ya ce a tsohon gari mahaifinsa na da bishiyoyin da kowace an san wanda ya dasa ta da wanda zai gāje ta, har akan ba amarya rabon dabino guda a matsayin kyauta. Jami'i ya zo ya ƙirga su ya rubuta lamba, aka biya su abin da bai kai amfanin 'yan shekaru ba. Yana magana yana nuna kudu da hannu, ko da yake daga inda muke ba a ganin komai sai rake da ƙura.

A daidai wannan lokacin duniya ta tashi tsaye don gumaka. UNESCO, hukumar ilimi da al'adu ta Majalisar Ɗinkin Duniya, ta yi kira a Maris 1960, ƙasashe da dama suka ba da kuɗi, aka yanka haikalin Abu Simbel na Fir'auna Ramsis na Biyu gunduwa-gunduwa sama da 1,000, aka ɗaga shi mita 65 aka sake haɗawa tsakanin 1964 da 1968. Aikin gwaninta ne, na gan shi, kuma daga cikinsa aka haifi yarjejeniyar kare kayan tarihi ta 1972. Amma an auna kowane dutse an sa masa lamba don kada ya ɓata, mutanen da ke zaune a gindinsa ba su sami rabin wannan kulawar ba. Kundin tsarin mulkin Masar na 2014 ya yi alkawarin mayar da su yankunansu na asali cikin shekara goma. Shekara goman ta wuce suna jira.

In ka tambaye ni hukuncina, da ni Bamasare ne a 1960 da na goyi bayan a gina ta, kuma da na yi faɗa a kan yadda aka yi da Nubawa da yadda aka toshe bakin masu gargaɗi. Lakar, da gishirin, da zaizayar, duk an hango su tun kafin a aza dutse. Da an saurara da an tanadi magudanai da wuri, da an nema wa masu bulo wata ƙasa kafin su far wa gonaki.

Saura tambayarka ta ƙarshe. Ka tuna na ce ka riƙe maganar ƙofa ɗaya. Aswan ta yi nasara ne don kusan babu ruwan sama a ƙasanta, babu kogin da ke shigowa a ƙasanta, kuma cikinta ya kusa ninka abin da kogin ke kawowa a shekara. Binuwai ba haka yake ba. Madatsar Lagdo da Kamaru ta gama a 1982 reshe ɗaya ta tare. Faro na shigowa a ƙasanta. Madatsar Dasin Hausa da ake ta maganar ginawa tun shekarun 1980, a yankin Fufore, za ta iya rage kaifin abin da ke fitowa daga Kamaru, kuma ina ganin tana da amfani in an gina ta da hankali. Amma Gongola a nan Numan ɗinku yake shigowa, a ƙasanta. Taraba da Donga da Katsina-Ala duk a ƙasanta suke, ga ruwan sama da ke zuba a kan kwarin gaba ɗaya a wata guda. Wanda ya ce maka madatsa ɗaya za ta raba Makurɗi da Lakwaja da ambaliya bai duba taswira ba.

Kuma ba sai mun je Masar ba don mu ga abin da tare ruwa ke yi wa na ƙasa. Bayan Tiga a 1974 da Challawa a 1992, fadamun Haɗeja da Nguru suka ragu, ruwan da ake saki rani da damina ya ba ciyawar kachala damar toshe hanyoyin kogi, wasu ƙauyuka ruwa ya kwanta musu ba ya tafiya, wasu ya daina zuwa, tsuntsu jan-baki ya sami maɓoya yana cin gero da shinkafa. Fadamar da kake nomawa ma jan ruwan ne ke sabunta ta.

A wata madatsa da na yi aiki ina matashi, na ga yadda fankon nan ke salwanta. Masu noman rani na matsa lamba a cika ta, na sama ba sa son a ce ruwa ya gaza a Maris, sai aka bar ta ta cika tun tsakiyar Agusta. Muka rubuta cewa a rage, ba a amsa ba. Da aka yi ruwan kwana biyu a sama, ƙarfe ɗayan dare aka buɗe ƙofofi gaba ɗaya don kada ginin ya tafi. Da asuba na bi gaɓa a mota, na tarar da mata a kan hanya da tukwane da awaki, wata tana shanya gero a kan kwalta tana juya shi da hannu. Madatsar lafiyarta lau, ba ta tsage ko'ina ba.

Saboda haka idan an zo muku taron jin ra'ayi kan Dasin Hausa ko wata madatsa, ka tashi ka tambaya: kubik mita nawa za a bari fanko, zuwa wane kwanan wata, kuma wa ke da ikon hana a cika shi? Kwana nawa za a ba ku kafin a buɗe ƙofa, ta wace hanya saƙon zai iso ƙauye? Za a riƙa sakin ruwan da zai jiƙa fadama a lokacinsa? Garuruwa nawa za su nutse, ina za a kai su, kuma an tambaye su? Kafin nan, ka zauna da dattawan garinku ku tuna ruwan 2012 da na 2022, ta wane gefe ya fara shigowa gonarka, ta Binuwai ko ta Gongola. In ta Gongola ne, maganarku da masu kula da madatsun Kiri da Dadin Kowa da ke kan Gongola ce, kuma wannan ba sai an jira sabon gini ba. Ka rubuto mini abin da suka ce, da kwanakin da ruwan ya yi a gonar, sai mu duba irin shinkafar da lokacin shukar da za su fi dacewa da wurin.